Baba Iliyasu da Gwiwoyin Shanun Huɗa

A Unguwar Ɗan'auta, ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, babu wanda zai ce maka Baba Iliyasu masani ne. Mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Ranar kasuwa yakan yanka sa ɗaya, ko biyu idan kaka ta yi kyau, sauran kwanaki kuwa akuya ce ko tunkiya. Da damina ya rataye wuƙa ya ɗauki fartanya kamar kowa. Abokin mahaifina ne, mutum mai barkwanci, wanda ba ka wucewa ta gaban teburinsa ba tare da ya tsokane ka ba.

Shekara tara na yi ina karatu a ƙasar waje. Wata rana a can, wani abokina mai koyon likitanci ya miƙo min wata mujallar bincike, ya ɗora yatsa a kan wata kalma ya ce, ba sunan garinku ba ne wannan? Na duba, Tsanyawa ce kuwa. Rubutun a kan ciwon gwiwa ne, kuma cikin sunayen waɗanda suka yi aikin, na uku shi ne Iliyasu Abdulmumini. Inda sauran suka sa adireshin jami'a, shi an rubuta masa kasuwa.

Da na dawo gida na bi labarin. Na ji shi daga bakin mutum uku: shi kansa, da matarsa Inna Safiyatu, da Dakta Aina'u wadda ta yi binciken. Duk inda maganarsu ta saɓa, ta Inna na ɗauka.

Yana da shekara goma sha biyu mahaifinsa ya fara ba shi wuƙa, a shekarar farin nan da ya kashe dabbobi. Tsohon yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a sa barandami a gaɓa. Idan za ka raba ƙafar sa da jikinsa, da tsinin wuƙa za ka bi gwiwa ka yanke jijiyoyi har ta buɗe da kanta. Wanda ya sari ƙashi a wurin, a ganin tsohon, mai faskare ne ba mahauci ba. Saboda haka fiye da shekara arba'in Baba Iliyasu yana kallon cikin gwiwar shanu, yana ganin farin guringuntsin nan mai sulɓi da ke lulluɓe da kan ƙashi. Ya saba shafa shi da babban yatsa kafin ya jefa ƙafar gefe. Bai taɓa tunanin wannan shafar wani abu ba ce.

Aina'u 'yar Malam Muhammad Awwal ce, tsohon hedimastan firamarenmu. Kakarta ta yi shekarunta na ƙarshe tana salla a zaune, gwiwa ta hana ta sujada, kuma abin ya tsaya wa Aina'u a rai. Da ta kai matakin digirin dakta a jami'a, sai ta zaɓi ta binciki guringuntsi. Ta yi min bayani a sauƙaƙe: guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa idan ya lalace ba ya saurin gyaruwa kamar fata ko tsoka. Yana cinyewa a hankali har ƙashi ya fara gugar ƙashi, wannan shi ne ciwon da tsofaffinmu ke kira sanyin ƙashi. Tana son ta ga yadda abin ke farawa. Gwiwar mutum ba a samun ta a kasuwa, don haka ta koma kan ta shanu.

Wata ranar kasuwa da hantsi ta zo ta durƙusa ta gaida Baba Iliyasu, ta ce tana son gwiwoyin gaba na san da ya yanka, a yanko su da tazarar taƙi ɗaya sama da ƙasa. Za ta dawo bayan azahar ta karɓa.

Tana tafiya ya aika da ƙafafun gida, ya bi bayansu ya ce wa Inna Safiyatu, "'Yar hedimasta ce guda, ta taso tun daga Kano tana marmarin ƙafar sa. A miƙa mata ɗanya da gashi, kamar za a ba kare?"

Aka babbake, aka kankare, aka wanke tas, aka daddatsa. Inna ta zuba citta da masoro da kanumfari, ta ba wa tukunya wuta. Bayan azahar sai ga Aina'u ɗauke da kula cike da ƙanƙara, da safar hannu a aljihu. Baba ya tare ta a zaure da kwano a rufe da faifai, yana murmushin wanda ya fita kunya.

Ta buɗe, tururi ya bugi fuskarta. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Baba, ina gwiwoyin?"

"Ga su nan, 'yata. Har sun yi luguf."

"Na'ura zan sa su a ciki, Baba. Dubawa zan yi."

"To ki fara ci, abin da ya rage sai ki ba na'urar."

Inna ta gaya min cewa Aina'u ta zauna a kan tabarma tana dariya har da hawaye, sannan ta wanke hannu ta cinye rabin kwanon.

Kasuwar da ta biyo baya, a gabanta aka yi fiɗa. Ta ce ya buɗe mata gwiwa ɗaya a kan tebur don ta nuna masa abin da take nema. Ya bi da tsinin wuƙa, gaɓar ta buɗe. Ta nuna masa wani wuri da farin ya dushe, ya yi kaushi. Ya shafa, ya buɗe ɗayar ma ya shafa, sannan ya ce, kamar mai faɗin ana rana, "Ai wannan san a hagu yake tsayawa cikin karkiya."

Ta ce, "Ka san mai shi ne?"

"Dillali ne ya kawo shi. Amma ga shi nan a rubuce."

Ya yi mata bayani yana goge wuƙa. Yawancin shanun da yake yankawa tsofaffin shanun huɗa ne, waɗanda manoma ke sayarwa idan ƙarfinsu ya ja baya. Garma shanu biyu ke jan ta, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma ba a sauya musu wuri. San da aka hora a hagu, a hagu zai ƙare, da huɗar damina da jan amalanken taki da rani. A cikin karkiya kuma, in ji Baba, sa ba ya tafiya a miƙe. Yana tura wa ɗan'uwansa kafaɗa, yana tokarewa da ƙafar waje. Shekara biyar, shida, ƙafar wajen nan ita ke shan wahala, yatsa kuma yana jin bambancin.

Aina'u ta gaya min cewa a wurin nan ta gane abin da ta tsinta. Gwiwa biyu a jikin dabba ɗaya: abinci ɗaya, shekaru ɗaya, jini ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta su. Abin da masu bincike ke shan wahalar shiryawa a ɗakin gwaji da ɓeraye, manomanmu sun daɗe suna yin sa ba su sani ba. Idan ta gwada gwiwar waje da ta ciki, za ta ga abin da nauyi shi kaɗai ke yi wa guringuntsi.

Shekara biyu suka yi a haka. Duk ranar kasuwa tana zuwa da kularta, ya yanko, ya faɗi dama ko hagu, ta rubuta. Har 'yan kasuwa suka sa mata suna Likitar Shanu.

Sai aka zo tantance aikin. Jami'arsu ta gayyato wani babban likitan ƙashi daga Zariya, Farfesa Ikrima, dattijo mai magana a hankali. Ya karanta komai, ya yaba, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Wa ya ce wannan san na hagu ne?"

"Mahaucin, ranka ya daɗe."

"Shi ta yaya ya sani?"

"Daga gwiwar."

"To, 'yata, kin kira gwiwa ta yi wa gwiwa shaida ke nan."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Idan ba a tabbatar da cewa yatsan Baba Iliyasu yana faɗin abin da ya faru a gona ba, aikin shekara biyu ya rushe, babu digiri, sai dai ta sake sabon bincike daga tushe. Farfesa ya shimfiɗa sharaɗi. Ta nemo shanu goma sha biyu daga wasu kasuwanni, waɗanda mahaucin bai taɓa gani ba. Ta sami mai kowane sa kafin a yanka, ta tambaye shi ɓangaren da san ke tsayawa, a rufe amsar a ambulan a kai wa Farfesa. Sannan a ba wa mahaucin gwiwoyin. An yafe masa kuskure ɗaya. Idan ya yi biyu, magana ta ƙare.

Wata biyar ta yi tana zirga-zirga tsakanin Makoda da Shanono tana tarawa, tana adanawa a firiza. Da ta zo ta ce wa Baba za a kai shi jami'a, ya ce ina, wuƙarsa ba ta san teburinsu ba. Idan Farfesa yana son gani, ya zo.

Ya zo kuwa, wata safiya bayan an gama girbin gero. Aka fito da teburin fawa ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin kasuwa. Ba ranar kasuwa ba ce, amma ka ce ita ce, don mahauta da dillalai da manoma duk sun hallara. Baba yana jin cewa baƙon Bazazzagi ne, fuskarsa ta washe.

"Au, ashe bawana ne aka aiko ya jarraba ni? Sannu da hanya. Ka ci abinci kuwa, ko a nan za ka fara ganin nama?"

Farfesa ya gyara zaman tabarau ya ce, "Bakano ke nan. Idan aka bar ku, ku sayar wa mutum da gwiwar jaki ku ce ta raƙumi ce. Shi ya sa na zo da kaina."

Aka kwashe da dariya, ban da Aina'u. Tana tsaye gefen kula, ta harɗe hannuwa.

Ta fito da na farko. Baba ya yi bismilla, ya buɗe gwiwoyin biyu, ya shafa wannan ya shafa waccan, ya ce dama. Farfesa ya yage ambulan: dama. Na biyu hagu, na uku hagu, duk daidai. Mutane suka fara kabbara.

A na huɗu ya ce dama. Farfesa ya duba takarda ya ce, "Hagu."

Baba ya sake shafawa, ya girgiza kai, ya ture gwiwoyin gefe ya ce a kawo na gaba. Inna Safiyatu, wadda ke leƙe daga rumfar mai ƙosai, ta ce daga nan ya daina wasa, ita kuma ta daina kallo, kunne kawai ta kasa. Na biyar, na shida, har zuwa na goma sha ɗaya, bai sake kuskure ba.

Saura ɗaya. Ya buɗe, ya shafa ta dama. Ya shafa ta hagu. Ya koma kan ta dama, ya ɗaga ta sama ya karkata ta wajen haske. Ya daɗe.

"Wannan ya yi duka biyun," ya ce. "A dama ya fara, ya daɗe a can, tabon ya tsufa. Daga baya aka mai da shi hagu, kamar damina uku."

Wani dillali ya ce, "Haba Iliyasu, wa ya taɓa sauya wa sa hannu?"

Farfesa ya ce, "Malam Iliyasu, layi biyu ne a takardata, dama da hagu. Zaɓi ɗaya."

Aina'u ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah ka faɗi ɗaya kawai. Wanda ya fi ƙarfi a wurinka."

"'Yata, idan na faɗi abin da yatsana bai ji ba, sauran da na faɗa ma ki zubar da su."

Farfesa ya yage ambulan. An rubuta hagu, mai sa kuma wani Basiru ne, a wani ƙauye kusa da Makoda. A bisa sharaɗi, kuskure na biyu ke nan. Amma Farfesa bai rubuta komai ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Basirun nan yana raye ai? Mu je mu ji daga bakinsa."

Motar Farfesa ta kai su inda hanya ta ƙare, daga nan suka hau babura suka ratsa tsakanin gonaki, Farfesa ya naɗe babbar riga yana riƙe da hula da hannu ɗaya. Suka tarar da Basiru a ƙofar gidansa yana ɗaure rufin rumbu. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in. Aka gaisa, aka kawo ruwa, Farfesa ya maimaita tambayar.

Basiru ya ce, "Hagu. Haka na gaya wa Dakta. Tun da yake hannuna a hagu yake."

Baba Iliyasu ya ce, "Tun da yake hannunka. A ina ka haife shi?"

"Saye na yi."

"Ranar da ka fara ɗora masa karkiya, ina ya nufa?"

Basiru ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar da ke hannunsa. Sai wata murya ta taso daga bayan katanga, matarsa ce, Rahmatu.

"Malam, ka faɗa musu mana. Ai duk garin nan an sani."

"Ke, wa ya sa da ke?"

"To ni zan faɗa?"

Maƙwabta biyu da suka zo kallon baƙi tuni suka fara ƙyaƙyatawa. Da Basiru ya ga babu mafita, ya zauna a kan turmi ya ba da labari. Shekara uku da suka wuce sansa na hagu ya mutu gab da faɗuwar damina. Ya tafi kasuwa shi kaɗai, bai ɗauki wani babba ba, ya ga wani sa kyakkyawa ya saya, ya manta bai tambayi abin da kowane manomi ke fara tambaya ba. Ya zo gida da na dama, alhali na dama ne a turkensa. Safiyar farko a gona shanun biyu suka riƙa rigimar wuri ɗaya, kowa yana zagaye ɗan'uwansa, garma tana bin su. Kunyoyin da suka fito kamar maciji ya bi ta wurin. Mutanen gari suka bar gonakinsu suka zo kallo, tun daga ranar kuma sunansa ya koma Basiru Dama-Biyu. Sai da ya kwashe damina guda kafin sabon ya yarda ya tsaya a hagu.

"Da Dakta ta zo da biro da takarda," ya ce, "na ce wannan sunan ya ishe ni a ƙauye, kada a kai shi jami'a."

Farfesa Ikrima ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya fito da takardar, ya ɗora ta a kan kujerar babur, ya ja layi na uku da hannunsa, ya rubuta abin da Baba ya faɗa, ya sa hannu. Sannan ya juya ga Aina'u ya ce, "Ci gaba da aikinki. Kuma wannan na goma sha biyun, ki riƙe shi da kyau, ya fi sauran daraja." Ga Baba kuwa ya ce, "Bakano, yau dai ka yi gaskiya. Zan rubuta ranar."

"Rubuta, bawana. Ai don rubutun aka ajiye ku."

Aina'u kuwa ta bar su a nan. Ta shiga cikin gidan ta rungume Rahmatu, wadda ba ta taɓa gani ba sai ranar.

A shekarar da ta biyo baya ta karɓi digirinta. Yanzu tana da ɗakin bincike nata, da ɗalibai bakwai a ƙarƙashinta. Ɗaya tana bin matan da suka yi shekaru suna daka, wani yana bin masu dakon buhuna a kasuwannin hatsi. Masu bincike daga wasu ƙasashen da ake noma da shanu sun rubuto mata suna neman yadda ta tsara aikin. Tambayar da san Basiru ya buɗe, wato ko gwiwar da aka sauke wa nauyi tana daina lalacewa, har yanzu a kanta take, kuma ba ta yarda kowa ya ce an sami amsa. Duk ɗalibin da ta ɗauka, sai ya yi ranakun kasuwa huɗu a gaban teburin Baba Iliyasu kafin ta bar shi ya taɓa na'ura. Basiru ma ta rufa masa asiri, babu inda sunansa ya fito.

Na sami Baba makon jiya yana wasa wuƙa a bakin kasuwa. Shekarunsa sun haura sittin, nasa gwiwoyin ma sun fara yi masa magana, Aina'u ta hana shi tsugunno mai tsawo, ya sa kafinta ya yi masa benci. Na ce masa dukanmu muna alfahari da shi. Bai ko ɗago kai ba.

"Kai, ɗan boko, an ce ka sayi babur?"

Na ce eh, Baba.

"To idan ka sami sarari ka kai ni Shanono. Akwai wani mutum da nake nema a can, mai sa na huɗu. Ina da tambaya biyu da zan yi masa, a gaban matarsa."